Masu Tayin Shafi

Duk wanda ya gaji da shafinsa na koyar da neman kuɗi daga gida, ya kai shi kasuwar Flippa ko ya yi cigiyar mai saye a WhatsApp, to ya shimfiɗa tabarma, baƙi na tafe.

Mai sammako shi ne Malam Tambaya. "Yallaɓai, in har shafin nan na kawo kuɗi kana kwance a ɗaki, me ya sa za ka sayar?" Tambayar da zafi, domin kai ne ka yi shekara da shekaru kana gaya wa jama'a arziki zai same su har kan gado. Ba saye ya kawo shi ba, in-inarka ya zo kallo.

Sai Akawu. A kasuwar nan da ribar wata ake yanka farashi, a ninka ta kamar sau 30 zuwa 40 in shafin na da lafiya. Akawu ya haddace wannan. Ba ya karɓar hoton allo, sai ka buɗe masa Google Analytics ya ga yawan masu ziyara da idonsa. Zai bi wata-wata har ya iso Satumbar 2023, lokacin da Google ya sauya ma'aunin tantance shafuka, ƙanana da yawa suka wayi gari masu ziyara sun watse. Nan zai ɗora yatsa a kan ramin: "Wannan fa?" Ka ce lokacin ba ka da lafiya. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya zaftare sulusin kuɗin. Akwai shi da ban haushi, amma duk cikinsu shi kaɗai ne aljihunsa ke da nauyi.

Akwai kuma Ɗan'uwa, wanda bai taɓa ganinka ba amma tun sallamar farko kun zama 'yan ɗaki ɗaya. Shawararsa: ka miƙa masa shafin, ya riƙa biyanka daga ribar. AdSense kuwa, mai biyan kuɗin tallan da ke shafin, ba ya sakin kuɗi sai sun kai dala 100. Cikon sai dai magada su karɓa.

Mai Leƙe ladabi gare shi. Wane rubutu ne ya fi jawo mutane? Wane kamfani ke ba ka la'ada? Ya yi godiya ya ɓace. Bayan mako biyu ga tagwayen shafinka a intanet, har da kurakuranka na rubutu.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Alhaji Gaggawa. Ka faɗi kuɗi, bai taya ba, bai bari ka ce albarka ba, ya ce ya saya. Ka ambaci Escrow.com, masu riƙe kuɗi a tsakani har kaya su isa hannun mai saye, ya ce ɓata lokaci ne, ai Musulmi ba ya cutar ɗan'uwansa. Kafin ka ƙifta ido ga hoton rasit, ga kira: "Ka ga alat? Turo kalmar sirri, jirgi zan hau."

Wannan ko sunan shafin kada ka sakar masa sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin zaune.