Saƙon Hajiya a Jirgin Yamanote

Ƙarfe shida na yamma a tashar Shinjuku ta Tokiyo, inda mutum fiye da miliyan 3 ke ratsawa kullum, ba kai kake shiga jirgi ba, shigar da kai ake yi. Na ƙarshe ma da baya yake shigowa, ya dafa saman ƙofa ya danna jama'a da gadon bayansa. Haka na tsinci kaina a tsakiyar taragon layin Yamanote, hannun dama a sama riƙe da waya, na hagu kuwa Allah kaɗai ya san inda yake.

Mutanen Japan ba sa amsa waya a jirgi, lasifika ma tunatarwa take yi a kashe ƙararrawa. Tarago maƙil, kafaɗa da kafaɗa, amma shiru kamar sahun sallar azahar.

Jirgi ya fizga. Yatsana ya sauka kan saƙon murya da Hajiya ta aiko ta WhatsApp, wayar ta suɓuce. Ba ta kai ƙasa ba, don babu hanyar. Ta maƙale tsakanin kafaɗar wani mai baƙar kwat da jakar wata ɗaliba.

"Salamu alaikum! Kana ji na? To, yaya basir ɗin?"

Ita Hajiya, gwargwadon nisan ƙasar da kake, gwargwadon yadda take ɗaga murya. Japan kuwa ƙarshen duniya ce a wurinta.

"Na ce yaya basir ɗin? Har yanzu yana tsiro?"

Ba wanda ya juyo. Da ma dariya suka yi, da na samu sauƙi. Mai kwat ya rufe ido, Hajiya na zuba masa bayanin cikina a kunne. Na ce "sumimasen", na sake cewa "sumimasen", wato a yi haƙuri, ita kaɗai ce jarina a Japananci. Saƙo na farko ya ƙare, na yi ajiyar zuciya, na biyu ya kama da kansa.

Sai wani dattijo da haɓarsa ke kan ƙirjina ya ɗago cikin ladabi ya raɗa mini: "Mana modo." Wato in sa wayar a shiru. Ya ga ban motsa ba, ya zaci ban fahimta ba. Shi ma hannunsa a maƙale yake, don haka ya gwada mini yadda ake danna maɓalli da hancinsa, a hankali, har sau biyu, sannan ya rusuna. Na rusuna, muka yi karo da goshi.

Muna shiga Yoyogi Hajiya ta iso kan magani: zama cikin ruwan ɗumi safe da yamma. Na lallashi kaina cewa ai duk taragon nan babu mai jin Hausa.

Ƙofa ta buɗe. Daga can baya wata murya ta ce:

"Ɗan'uwa, a haɗa da bagaruwa. Allah ya ƙara sauƙi."