Zartona Yana Gidan Biki

Kujerar falonmu ce ta karye ƙafa ɗaya, na kai wa wani kafinta a bakin titi, ya ce in dawo jibi. Jibin nan ya ƙi zuwa. Ranar da na tarar da yaran shagonsa sun tokare kujerar da bulo suna cin garau-garau a kanta, na ƙudurta zan buɗe nawa wurin aikin a gida, don ban ga abin da ke cikin kafintanci ba in ban da zarto da guduma da ƙarfin hali.

Zaure na zaɓa. Uwargida ta ce, "Malam, mu kuma ta katanga za mu riƙa shiga?" Na ce mata ɗan lungu ɗaya kawai zan ɗauka.

Na nufi 'Yan Katako ta Na'ibawa da tef a wuya da fensir a kunne, don kada a gane baƙo ne. An gane. Ina cewa a ba ni katako mai kyau, mai shagon ya ce afara ko malaina ko maɗaci, kuma tu-bai-tu ko tu-bai-fo? Na yi gyaran murya na ce maɗaci. Da ya faɗi kuɗin sai na tuna tun ina yaro ba ma shiri da maɗaci, na koma afara. Ya ce, "Alhaji, wannan bai daɗe da sauka daga Kudu ba, ɗanye ne. Ka jera shi a inuwa ya sha iska kafin ka taɓa shi." Na ɗauki maganar a matsayin iyayin 'yan kasuwa. Katakon ƙafa 12 ne, mai adaidaita sahu ya dube shi ya dube ni ya ja abinsa, sai mai kura ne ya turo mini shi ina biye.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, kafin ka ƙera teburin aiki sai kana da teburin aiki. Na kifa turmin uwargida na ɗora katako, na sa babban ɗana ya danne ɗaya gefen da mazaunansa. Zarto ya gama da katako ya zarce cikin gindin turmi. Tsagin yana nan har yau, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai an kai ta ta gani.

Da ƙarshen damina na gama teburin, tsaf da shi. Da hunturu ya shigo sai iska ta tsotse ruwan jikinsa. Allunan sama suka tsuke suka rabu, har ƙusa 'yar inci 3 tana faɗawa ta tsakani, ɗaya kuma ya murɗe ya ɗaga kai. In na ajiye fensir sai ya gangara ya tarar da ni a ƙofa. Ni dai har gobe maginin da ya yi daɓen zauren nake zargi. Sannan ga gara ta fara leƙo ƙafafun. Na san masu rufin kwano suna shafa wa katako baƙin mai don maganinta, sai na ce tunda abin arha ne, a shafe teburin gaba ɗaya a huta. A makon ne surukina ya zo gaisuwa cikin farar shadda, ya jingina yana jiran a yi masa iso. Bai ce komai ba. Uwargida ce ta faɗi nata ta faɗi nasa.

Amma inda na fi alfahari shi ne allon kayan aiki. Na kafa faffaɗan katako a bango, na buga ƙusoshi, na rataye zarto da guduma da filaya da sukudireba da tef, kowane na zagaye shi da baƙin fenti ya fitar da siffarsa, ta yadda ko a duhu na san mazaunin kowa. Ƙusoshi na ware su a gwangwanayen madara gwargwadon tsawo. Duk wanda ya gani sai ya ce ma sha Allah.

To ai shi ke nan. Zaure hanyar kowa ce, kuma na rataye wa unguwa jerin abin da za ta ara. Da can in an zo aron guduma kana iya cewa bari a duba, ka shiga ciki ka sha ruwa ka fito ka ce ba a gani ba. Yanzu yaro yana sallama idonsa yana kan bango: "Wai in ji Baba a ba shi waccan." Filaya ta tafi gidan mai gyaran keke. Sukudireba ta shiga hannun matasan da ke gyaran lasifikar masallaci, wa zai ce a dawo da kayan da aka kai masallaci? Zarto aka ce za a kafa rumfar biki da shi, an yi bikin, an yi suna, bai dawo ba. Gwangwanayen ƙusa yara suka zubar da ƙusoshin suka yi mota da su. Mai kiwon kaji na bayan layi shi kaɗai ke zuwa da abin hannu, buhu ne kuwa babu komai a ciki, na kwasar dusar katako. Allon ya koma zane zalla, siffar kowane kaya tana nan, kayan babu.

Shekaranjiya ƙyauren ɗakin girki ya ɓalle, uwargida ta ce, "Ga kafinta a gida." Na sa hula na tafi gidan Alhaji maƙwabcina, na yi sallama, muka gaisa, muka yi zancen tsadar masara, sannan na lallaɓa na ce ko gudumar nan tana kusa. Ya ɗan yi jim, ya aika yaro ya ɗauko. Da zai miƙo mini sai ya riƙe ƙotar ya ce, "Malam, don Allah a dawo da ita kafin la'asar. Ka san halin mutanen unguwar nan da kayan aro."