Injiniyoyin Haɗejiya a Ranar Da Shafi Ya Ƙi Buɗewa

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, makarantu kuma suka koma yin rajista da karɓar kuɗi ta intanet, Haɗejiya ta samu ƙarin masu sana'a bayan masunta da manoman shinkafa da dillalan kifi. Duk sunansu ɗaya, Injiniya. Ko digiri gare shi, ko difloma ya yo a Kazaure, ko shara ya fara da ita a shagon kafe, muddin ya iya jan waya daga ɗaki zuwa ɗaki ya cancanci sunan. Ba laifi su ɗaga kafaɗa, tunda Kashifu Inuwa Abdullahi da aka ba shugabancin hukumar NITDA a 2019 ɗan garin ne. In komai na tafiya daidai ba ka iya bambanta su. Sai ranar da shafi ya ƙi buɗewa, ɗalibai sun yi layi har bakin titi, gobe kuma za a rufe rajista.

Wanda ya fi saurin isowa shi ne Kashe-ka-kunna. Kafin ka gama bayani ya tare ka: "An kashe an kunna?" Abin haushi, sau da yawa yana dacewa. Manhajar da ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura takan sake ta in aka tayar da ita daga farko, rautar da zafi ya rikita takan dawo hayyacinta. Sai a yi ta sa masa albarka. Amma shi kansa bai san me ya gyara ba, saboda haka jibi warhaka a sake kiransa, ya sake zare filogi, ya sake karɓar na mai. Ina zargin ya daɗe da gane cewa ciwon da ke dawowa ya fi wanda ya warke riba. In kuwa ya zare filogin daidai lokacin da rumbun bayanai ke rubuta sakamakon ɗalibai, sai dai Allah ya kiyaye gaba.

Bayansa sai A-wajena-yana-aiki, wato wanda ya gina shafin. Zai zo da laftof mai like-like a bayanta, ya buɗe, ya juyo maka da ita: "Yallaɓai ga shi, lafiya ƙalau." Kuma ba ƙarya ya yi ba, a wajensa yana aiki. Burauzarsa ce ke nuna masa tsohon kwafin da ta adana tun makon jiya. Ko kuma laftof ɗinsa Windows ce, ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil, sabar kuwa Linux ce, ita kam tana bambantawa. Ya sa wa hoton shugaban makaranta suna da babban baƙi, a cikin kod ya kira shi da ƙarami, sai ga akwatin wofi a inda fuskar mai gida ya kamata ta fito. Ka san irin hukuncin da ke kan wanda ya ɓatar da fuskar mai gida. Wani lokaci PHP ɗin da ke na'urarsa ta girmi ta sabar ko ta yi mata ƙanƙanta. Ga manyan hotunan da ya loda ba tare da ya rage musu nauyi ba, ya manta wanda zai buɗe shafin yana Guri ko Kirikasamma da sanda ɗaya ta sabis. Maganinsa ba musu ba ne. A karɓi wayar masinja, a buɗe shafin da datar masinja, a miƙa masa ya duba da idonsa.

Shi kuwa Netwok-ne, amsarsa a aljihu yake yawo da ita. Sau ɗaya duniya ta gaskata shi: ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma har bankuna suka ji a jikinsu. Tun ranar yake cin albarkacin wannan rana. Alhali gwajin ba wuya. In sauran shafuka na buɗewa, naka ne kaɗai ke nuna 500, to netwok ya isar da saƙo har ya dawo da amsa. Sabar ce da bakinta ta ce ba ta da lafiya. In 404 ne, ta ce abin da ka nema babu shi a inda ka ce. In 403 ne, yana nan amma ba a ba ka izini ba. In 502 ne, sabar bakin ƙofa ta tambayi ta cikin gida, ta ciki ta mayar mata da shirme. Kowace lamba da ƙofar da take nuna maka ka ƙwanƙwasa.

Mutumin Haɗejiya ne ya fi kowa cancantar gane wannan. Ruwan da ke zuwa ya daki jinga a watan Agusta da Satumba ba duka a garin ya sauka ba. Daga ƙasar Kano ya taso, ta madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992, ya gangaro ya tarar kachala ta toshe masa hanyar wucewa Nguru, sai ya nemi gidajen mutane. Farin shafin da ka gani a waya, nan ne kawai ruwan ya ɓullo. Sai ka bi shi sama daki-daki: sunan shafin na kai mutum adireshin da ya dace? Sabar na numfashi? Manhajar na samun rumbun bayanai? Sau da yawa kachalar tana can ƙarshe, faifan ajiya ya cika maƙil da rajistar kurakuran da ba wanda ya taɓa sharewa, rumbun bayanai ya rasa inda zai rubuta ko harafi ɗaya. Umarni guda, df -h, zai nuna maka 100% ƙiri-ƙiri. Netwok-ne bai taɓa buga shi ba, yana waje yana ɗaga waya sama.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne Ban-taɓa-komai-ba. Wannan ba sai injiniya ba. Yakan zama akawu, ko magatakarda, ko Hajiyar da ke kula da ofishin jarrabawa. Zai rantse da abin da zai kashe shi cewa jiya lafiya aka rufe, yau da safe aka tarar da abin haka. Na'ura kuwa ba ta cika canja hali haka siddan ba. Ko manya ma hannunsu ne ke kayar da su. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kimanin awa shida, ba maƙiyi ne ya kai hari ba, umarni ne da aka bayar a cikin gida yayin gyara. Ranar 19 ga Yuli 2024 sabuntawa ɗaya daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. A gida kuma, cikin Mayu 2025 shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya ce sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas ya samu tangarɗa, saboda wani gyaran manhaja da bai zauna daidai a wasu sabobi ba. To tambayar farko a kowace matsala ita ce me aka canja. Sai dai akwai yadda ake yinta. In ka ce "Wa ya taɓa?" babu mai amsa maka har tashin ƙiyama. Ka zauna, ka gaisa, ka tambayi yara, sannan ka ce, "Hajiya, jiya kafin ki tashi, mene ne na ƙarshe da kika danna?" Sai ta ce, "Ni ba abin da na yi, wani abu ne dai ya fito ya ce a sabunta, na ce to." An gama bincike.

Akwai Kwafa-ka-liƙa, mai neman magani a intanet ya zuba wa sabar ba tare da ya karanta ba. In fayil ya ƙi buɗewa sai ya ba shi izinin 777, wato kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya sarrafa, sannan wata biyu ya zo yana mamakin yadda shafin makaranta ya koma tallan caca. Abu biyar yake canjawa a lokaci guda, in ya gyaru bai san wanne ya gyara ba, in ya ƙara lalacewa bai san wanne zai mayar ba.

Sai Akwai-bakof. Tambaye shi ko an adana kwafin bayanai, zai ce "Sosai ma." Ina yake? A cikin faifan da ya mutu. Mai dama-dama a cikinsu ya kwafa a wani faifan, ya ajiye shi a ɗaki guda da sabar, a ƙasan tebur. Na ga irin ɗakin: sabar a kan siminti, batiran inbata a gefenta, ƙurar hunturu ta yi wa fankar na'urar bargo, zanzaro ya gina ɗakinsa a bayan akwatin, ɓera ya ci rabin kebul ya bar saura na gobe. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kuma kowa ya san abin da damina ke iya yi, bulo huɗu da katako ɗaya sun isa su ɗaga kayan miliyoyi daga ƙasa, amma sai an ji ana cika buhuna da yashi ake tunawa. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba kuwa, fata ne kawai. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai kusan gigabait 300 a sabar da ba ita ya nufa ba. Da aka duba hanyoyi biyar na ajiya da kamfanin ke taƙama da su, ba wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya fid da su kunya.

Can a ƙarshen layi akwai wanda ba shi da laƙabi, don ba ya surutun da za a samo masa. Yakan iso a kan tsohon babur, ya nemi kujera, ya buɗe rajistar kurakurai ya karanta layukan ƙarshe. Abu ɗaya yake taɓawa, ya gwada, ya rubuta a littafi. Shi ne ke gano cewa gargaɗin tsaron da ya firgita kowa satifiket ɗin Let's Encrypt ne, mai wa'adin kwana 90, aka bari ya ƙare; ko kuma ɗan batirin agogon kwamfutar ne ya mutu, ta koma shekarun baya tana ƙaryata kowane satifiket. Shi ne kuma ke da aikin sanar da Alhaji mai makaranta cewa sunan shafin haya ne, duk shekara ake biya, kuma takardun tunatarwa suna ta zuwa imel ɗin ɗan ƙanwarsa da ya yi rajistar da sunansa, wanda yanzu yake bautar ƙasa a kudu, lambarsa ba ta shiga.

"Haya kuma? Ba na saya ba?"

"Ranka ya daɗe, ba a sayarwa."

"To shi ke nan, a biya. Kai kuma nawa ne naka? Ai ban ga ka kwance komai ba." Alhaji ya laluba aljihu ya zaro abin da ko man babur ba zai cika ba, sannan ya tura masa waya. "Tunda ka zo, Injiniya, duba min wannan, hotuna ba sa shiga. In ka gama ka leƙa cikin gida, talabijin ɗin Hajiya ma ya daina kama tasha."