'Yan Ƙungiyar Unguwa: Kowa da Irin Gudummawarsa

Da wuya ka sami unguwa a Kano, daga Kurna zuwa Sheka, daga Ɗorayi zuwa Hotoro, wadda ba ta da ƙungiyar taimakon kai da kai. Aikinta sananne ne: yashe kwata kafin ruwan Agusta, cike zaizaya a maƙabarta, haɗa kuɗin gyaran taransifoma, biyan 'yan sintiri, ɗinka wa marayu kayan salla. Jikar aikin gayya ce, sai dai ita ta yi boko, tana da tsarin mulki da hatimi, wata ma har da rajistar CAC. Taro duk Lahadi bayan La'asar, a ajin firamare ko a ƙofar gidan mai unguwa. Duk inda ka leƙa, mutanen da ke kan bencin su ne dai, suna kawai ake canzawa.

Na farko shi ne Shugaba Na-gaji. Wa'adin shekara biyu aka ba shi, amma yaran da aka haifa lokacin zaɓensa yanzu su ke tura baro. An taɓa ba shi labarin 'yan Rotary, waɗanda reshensu na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi a 1961, cewa duk 1 ga Yuli sabon shugaba suke yi. Ya ce wannan al'adar Turawa ce. Duk da haka, da zarar an ambaci zaɓe sai ya miƙe: "Jama'a, ni fa na gaji, a nemo wani." Yana faɗa yana bin fuskoki da kallo, ya ga wanda zai gyaɗa kai. Wanda ya gyaɗa, shi za a ɗora wa karɓar kuɗin sintiri gida gida.

Kusa da shi akwai Malam Ina-da-gyara, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya daga sakatariyar Audu Baƙo, ya bar ofis amma ofis bai bar shi ba. Sakatare bai gama karanta bayanin taron baya ba, hannunsa na sama. "Allah ya taimaki shugaba, ina da gyara. Ba a ce an amince ba, cewa aka yi an amince bisa sharaɗi." Sai ya zaro tsarin mulki daga aljihun gaba, ya lashi yatsa, ya buɗe sashe na bakwai. Kafin a rabu da sharaɗin ladan ya kira Magariba, maganar kwata sai mako mai zuwa.

Ma'aji kuwa abin tausayi ne. Littafi mai layi da baƙar leda su ne ofishinsa. Tun da ya karɓi muƙamin, abokansa suka koyi sababbin lunguna, in sun hango shi sai su sha kwana. In ya ɗinka sabuwar riga, a ce kuɗin burtsatse ne. In ya zo da tsohuwa, a ce ɓad da sawu yake yi. Ba wanda ya san sau nawa ya cike giɓi daga aljihunsa don kada lissafi ya ba shi kunya a gaban mai unguwa.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Malam Na-tura. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya sami uzurin da ba ya tsufa. Kuɗi sun dawo hannun jama'a, uzurin bai koma ba. "Ma'aji, ba ka ga alat ba? Wallahi ni an cire mini. Netwok ne, ka ba shi zuwa dare." In aka ce ya nuna shaida, waya ba caji.

Shi Alhaji Ku-rubuta ba ya wasa da ƙananan kuɗi. Sai taro ya cika, musamman in dagaci na wurin, zai gyara babbar riga ya ce, "Ku rubuta mini buhun siminti ashirin." A yi kabbara, a yi masa addu'a har iyaye da kakanni. In kwamiti ya je karɓa, yaro ya leƙo ya ce Alhaji ya ce ya yi tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya yi tsada, saboda haka alƙawarin nasa kullum ƙara daraja yake yi. A takarda, ba wanda ya kai shi hidimta wa unguwa.

Sai Sarkin Shawara. Asusu ba zai iya sayen manjagara biyar ba, shi kuwa yana kan batun gina asibiti mai hawa biyu, da motar ɗaukar marasa lafiya, da tura yara karatu Masar. In aka ce to, shi zai jagoranci kwamitin, sai ya ja da baya: "A'a, ranka ya daɗe, ni dai shawara na kawo."

Duk waɗannan a zaune ake ganin gwanintarsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar kuwa ita ce Asabar ɗin ƙarshen wata, daga bakwai zuwa goma na safe, lokacin tsaftar muhalli da muka gada daga yaƙi da rashin ɗa'a na zamanin Buhari da Idiagbon. A nan Sufeto ke bayyana, hannu a baya, da ciwon ƙugu da ba ya tashi sai ƙarshen wata. "Kai yaro, ta can za ka faro! Ba haka ake riƙe shebur ba!" Goma saura kwata sai ga Ɗan Hoto cikin farar shadda. Ya ari shebur, ya ɗebo ledar ruwa guda biyu, ya ce, "Ɗauke ni ta nan, kwatar ta fito." Kafin masu aikin su wanke ƙafa, hoton ya zaga Facebook, ana ta yi masa Allah ya saka da alheri. In zaɓe ya ƙarato, shi ne zai zo da katan ɗin lemo da riguna masu ɗauke da fuskarsa, sannan a gane kujerar kansila ake yashewa.

Hajiya shugabar mata ba ta zuwa taro, amma taro na jin ta. Da adashi mata suke tara abin da maza ke shekara suna muhawara a kansa. Ranar aiki ta aiko da bokitin koko da ƙosai, tare da saƙo ta bakin jikanta: "Wai in ji Hajiya, in ba za ku iya ba, ku aiko mata da littafin."

Akwai kuma mai facin bakin titi, wanda ba a taɓa jin muryarsa a taro ba, sunansa ma a rajista ba daidai aka rubuta ba. Shi ke shiga kwalbati har gwiwa, shi ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. An taɓa cin sa tarar rashin halartar taro, alhali yana maƙabarta yana gyara kabarin da ruwa ya rufta. Malam Ina-da-gyara ya ce doka ba ta ware maƙabarta ba. Ya biya, ya karɓi rasit.

Na ƙarshe ba ɗan ƙungiya ba ne, kuma yana alfahari da haka. Mazauninsa teburin mai shayi, inda yake bayyana wa jama'a cewa duk abin cin kuɗi ne. Da dare yaransa ke juye shara a kwatar da aka yashe da safe. Sai daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatar ta toshe, ta biyo ta zaurensa, katanga ta zauna. Da asuba ga shi a ƙofar shugaba, wando a naɗe: "Wai ina 'yan ƙungiyar nan ne? Me ake tara kuɗin a yi?"

Aka kira taron gaggawa. Malam Ina-da-gyara ya tabbatar da cewa bisa sashe na uku mutumin ba shi da haƙƙin ko bulo ɗaya. Shugaba ya ce gaskiya ne, amma maƙwabci ne. Alhaji ya ce a rubuta masa buhu biyar, Malam Na-tura ya ce yanzu zai tura. Ana cikin haka aka lura mai faci ba ya wurin, yana can da baro yana kwashe ƙasar katangar. Sakatare ya rubuta sunansa cikin waɗanda za a ci tara.