Ƙararrawa ɗaya, kowa da agogonsa

A ajin nazare a Samaru Kataf, jadawalin da Anti ta liƙa a bango ba mai karanta shi sai ita. Ɗan shekara uku bai san ƙarfe takwas ba. Abin da ya sani, bayan layi sai addu'a, bayan addu'a sai waƙa, bayan waƙa in da rabo a buɗe kula. To, amma kowa da irin bin da yake yi wa wannan jeri.

Akwai Sarkin Kuka. Tun ɗan acaɓa bai kashe mashin ba yake farawa, kuma bai taɓa makara ba. Da Tyap yake kukan, da Hausa yake neman ruwa, in Anti ta gaishe shi da Turanci ya amsa tsaf, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Ranar da aka zo ɗaukarsa da wuri kuwa, sai ya rungume ƙafar tebur.

Sai Mai Agogon Ciki. Tun ana shara yake tambaya: "Anti, an yi tara?" Ya san kular da ke ɗauke da faten acca, ya san mai Indomie, ya san wanda ba ya cinye nasa, gefensa yake zama. Wanke hannu da ake fama da sauran yara a kansa har zango ya ƙare, shi rana ɗaya ya koya, don ya gano ta nan ake bi a kai ga cokali. A ganina ba ɗalibin da ya kai shi fahimtar tsari.

Ƙaramar Hedimasta ita ce abin tsoro. Da Najeriya ta koma tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, ta riga malamai haddacewa, ta riƙa bin bakinsu da ido a layin safe. A kuskura a sa ƙirga kafin waƙa: "Anti, ba haka muke yi ba." Ran Asabar ma jera ƙannenta take yi, har da ɗan akuya.

Mai fitsari ba ya jinsa lokacin da aka jera kowa zuwa bayi, sai an zauna an ɗauki alli.

Shi ko Lauya, shari'arsa ta samo asali tun Janairun 2022, da gwamnatin Kaduna ta mayar da makarantunta kwana huɗu a mako. Yayansa na firamaren gwamnati yana kwance ran Juma'a, shi ana cusa masa safa cikin sanyin hunturu za a kai shi makarantar kuɗi. "Mama, me na yi?" Ta ce bai yi komai ba. "To shi me ya yi?" Har yau uwar ba ta samo amsa ba, biskit take ba shi a ɗage zaman zuwa Juma'a mai zuwa.