Jif Ɗin da Aka Ce Ba Ta Shan Mai

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk mai mota a ƙasar nan ya koma malamin lissafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta kwana ta tashi ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Wasu suka jingine motocinsu suka koma hawa adaidaita sahu, wasu suka kai aka juya musu zuwa gas. Ni kuwa, da yake ina ji da hangen nesa, sai na sayar da tsohuwar motata, na haɗa da kwasar adashi da ɗan rance, na je wajen dillalai a Kano na ɗauko jif Highlander 'yar Kwatano, ƙirar 2008, irin wadda ake kira haibirid.

Dillalin ya dafa bonet ya ce, "Alhaji, wannan ba shan mai take yi ba, sunsunawa take." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Gaskiyar lamarin ita ce motar ruwa biyu ce. Tana da injin fetur mai silinda shida, tana kuma da na lantarki da ke jan wuta daga wani ƙaton batir da aka kwantar ƙarƙashin kujerun tsakiya. Ba a jona ta da wutar gida, wanda duk mazaunin ƙasar nan ya san ba ƙaramar rahama ba ce. Injin fetur ne ke cika batirin, sai kuma birki: duk sa'ad da ka taka shi a hankali, ƙarfin gudun da zai tashi a banza ya zama zafi, sai ta mayar da shi wuta ta adana. In ka tsaya, injin ya yi shiru. In za ka tashi a hankali, lantarki ya ja ka. Toyota ta fara wannan dabara da Prius a Japan tun 1997, ta sa wa Highlander a 2005, mu kuma sai da mai ya gasa mu sannan muka ji labari.

A cikin Kano, wallahi ta yi rawar gani. Cunkoson 'Yan Kura da na Kantin Kwari, inda sauran motoci ke tsaye suna ƙona dukiya, nan ne gonarta. Sai dai akwai wani ɗan allo a gaban direba mai nuna kibiyoyi, wannan na fita daga inji, wancan na shiga batir, da lambar da ke gaya maka mil nawa kake yi da galan ɗaya. Wannan allon shi ya mallake ni. Motar daga Amurka ta fito, don haka da mil take magana, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, galan ɗinsu kuma lita 3.8, alhali na ɗan bumburutu lita 4 ne in ya ji tsoron Allah. Na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun ƙofa. Uwargida ta ce tun da muka yi aure ban taɓa kallon fuskarta yadda nake kallon allon nan ba.

Ana cikin haka kaka ta yi, aka sa bikin ƙanwata a gida, Kiyako. Na cika tanki, na loda iyali, na kafa musu doka tun daga ƙofar gida: ba esi, don yana cin wuta, ba kuma sauke gilas, don iska na riƙe mota. Gudu kuma kada ya wuce kilomita 60 a awa. Kafin mu kai gadar Wudil yara sun jiƙe sharkaf, ƙamshin miyar da ke cikin kula ya zauna a rigar kowa. Tirela ta wuce mu, a-kori-kura mai lodin rake ta wuce mu, wani ɗan acaɓa da ya goyo mata biyu da buhu ya jera da ni ya leƙo ya ce, "Alhaji, lafiya dai? Ko a kira bakanike?" Duk inda aka yi tudun rage gudu a Kachako da Kwanar Huguma, sauran direbobi na tsaki, ni ina murna, don kowane birki riba ce.

"Malam," in ji uwargida, "bikin nan dai gobe ne ko jibi? Don in san ko za mu same shi."

Shigarmu gari ita ta jawo komai. Da na sauka daga kwalta na bi lungunmu a hankali, injin ya ɗauke, motar ta ci gaba da tafiya ba ko tari. Tumakin da ke kwance a hanya ba wadda ta motsa. Gwaggo na zaune a ƙofar gida tana tsince wake a faifai, ba ta ankara ba sai da ta ga inuwa ta rufe ta; ta ɗaga kai ta ga ƙatuwar baƙar mota a kanta, ta watsar da faifan tana salati. Yara suka bazu cikin gari suna ihu wai an zo da mota matacciya tana tafiya.

Bayan azahar majalisa ta taru a gindin dalbejiya, ni kuma na ga dama ta samu. Na yi bayanin batir, na yi na birki, na kai su har Japan na dawo. A ƙarshe na ce, "Irin tafiyar nan da kuka ga na shigo da ita, ko ɗigon mai ba ta sha ba." Maganar nan gaskiya ce, ko a gaban alƙali zan maimaita ta. Amma kafin la'asar an yanke mata kai da ƙafa, saura "ba ta shan mai". Zuwa magariba an ce da hasken rana take aiki. Bayan isha'i wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne ruwan rijiya ake zuba mata.

Duk mai mota ya san garkuwarsa a ƙauye guda ɗaya ce: "Wallahi mai ya yi tsada." Da ita ake korar mai aro, ba a ɓata zumunci ba. Ni da bakina na jefar da tawa. Aka aike ni Birnin Kudu karɓo ɗinkin amarya, aka aike ni kai masu dubiya asibiti, aka aike ni niƙa, aka aike ni ɗauko wata kaka da ta rantse ba za ta hau babur ba. In na buɗe baki sai a ce, "Haba, ai ba mai za ka ƙona ba." Da dare taubashina, ɗan Kawu, wanda ya yi shekaru yana jan Sharon tsakanin Birnin Kudu da Kano, ya zare makullin daga aljihuna ya ce, "Dukiyar bawa ai ta ubangidansa ce." Ba a fushi da abokin wasa. Inda ya kai abokan ango a daren nan, Allah kaɗai ya sani.

Washegari da sassafe Kawu ya turo a kira ni. Zai je kasuwar Sara, can ƙasar Gwaram, ya sayar da riɗi da masara ya haɗo kuɗin gara. Kafin in gama gaisuwa an kwantar da kujerun baya an jera buhuna har rufi, an cusa wasu a ƙafar kujerun tsakiya, sannan aka turo rago.

"Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, nauyi fa yana ƙara mata shan..."

"Shan me?" Ya zuba mini ido. Na haɗiye sauran.

Ya kuma yanke hukunci cewa ba ni zan ja ba, don labarin tafiyar hawainiyar da na yi daga Kano ya riga ni isowa, shi kuma ba ya son ya tarar kasuwa ta watse. Taubashi ya hau sitiyari, Kawu ya hakimce a gaba, mai mota ya takure a tsakiya tsakanin buhu da rago. Ragon nan ya ɗora haɓarsa a kafaɗata yana tuƙa, yana huro mini ɗumi a kunne, in an faɗa rami ƙahonsa ya gaisa da ƙeyata.

Taubashi direba ne na gaske, amma duk iliminsa na tsimin mai na motar haya ne, kuma kowane ɗaya kishiyar abin da wannan motar ke so ne. Ya take totur har ƙasa, wai a tara gudu, alhali in ka ninka gudu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa, kuma a kan doguwar hanya da gudu injin fetur ne ke aikin, lantarki ɗan rakiya ne. Da ya hango gangara sai ya jefa ta a firi. A Sharon wannan wayo ne; a wannan kuwa, muddin giya na firi batir ba ya samun ko ƙwayar wuta, ribar gangarar duk ta zube. In ya zo rami, maimakon ya sassauta tun daga nesa, sai ya kai bakinsa ya danna birki da ƙarfi, buhuna su taho, rago ya taho, ni ma in taho.

"Cire ta daga firi!" nake ihu.

"Baba, ka ji bawan nan zai koya mini tuƙi," in ji shi, ko waiwaye babu.

Mun isa, Kawu ya yi cinikinsa. Rago bai yi kuɗin da yake so ba, don haka da shi muka juyo, an kuma maye gurbin riɗi da buhunan shinkafa da jarkokin man gyaɗa. Taubashi ya ce ya san wata hanyar yanke ta burji. Muna tsakiyar gonakin dawa da aka girbe, sai motar ta yi wata 'yar shessheƙa, allon ya cika da fitilu. Na leƙa ta saman kafaɗarsa na ga allurar mai ta kwanta.

"Tun yaushe fitilar nan ke kunne?"

"Tun jiya da dare."

"Ba ka faɗa ba?"

"To, motar da ba ta shan mai? Na ɗauka ado ne."

Abin haushin, ba ta tsaya nan take ba. Ta ci gaba da silalawa shiru a kan ɗan abin da ya rage a batir. Kawu ya daki cinyarsa ya ce, "Allahu akbar! Kun gani ko? Mai ya ƙare tana tafiya!" Bai rufe baki ba ta tsaya cak a gindin wata kuka.

Mutanen karkara ba sa ganin mota a tsaye su wuce. Nan da nan masu ɗaurin kara da masu kiwo suka taru, kowa na cewa a tura. Na ce irin wannan ba ta tashi da turi, ba ta da kuloci, kwamfuta ce ke tayar da injin da wutar batir. Suka dube ni da tausayi, suka tura. Aka kai ta gaba, aka dawo da ita baya. Wani ya hau babur ya ɗauko bakanike daga ƙauyen kusa, ya iso da sifana a aljihun baya da ƙarfin gwiwa. Ya ɗaga bonet, ya ga wasu kauraran wayoyi ruwan lemo, ya miƙa hannu. Ban san sa'ad da na yi tsalle na riƙe shi ba. Na ce wutar da ke bin wayoyin nan ta fi ta soket ɗin gida, batirin kaɗai bolt 288 ne. Ya ja da baya, ya mayar da sifanarsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai ba mota ba ce, taransifoma ce." Duk da haka sai da ya karɓi kuɗin ganin ido.

Ɗan bumburutu ya iso a bayan acaɓa. Da ya ga jif, ya ga daji, ya ga rana ta karkata, sai farashi ya tashi tsaye. Aka ɗura galan ɗaya ta cikin mazurarin da aka yanko daga gorar ruwa, da tsumma a baki wai tacewa. Ta ƙi. Tankin da ya bushe ƙaf, motar kuma a karkace, galan ɗaya ko jiƙa mata maƙoshi bai yi ba. Aka sake aikawa. Kawu na zaune a inuwa yana jan carbi, kuɗin riɗi na ɗaure a lalitarsa, ko alamar ya san ana ciniki bai nuna ba.

Da aka ƙara, na karɓi sitiyarina, na danna maɓalli, 'yar koriyar fitilar da ke nuna ta shirya ta kama. Na ce, "Ta tashi." Jama'a suka kasa kunne, ba su ji komai ba. "Ba ta tashi ba, ku ƙara mata!" Suka duƙa da ƙarfinsu daidai lokacin da na sa giya. Motar ta zame daga hannunsu, mutum uku suka ci ƙasa, sannan injin ya yi gurnani. Suka miƙe suna kaɗe riga suna kabbara: turinsu ne ya tayar da ita. Na biya ladan turi.

Da muka koma Kano na kai ta wajen masu gyaran irinta. Yaron ya durƙusa ya buɗe ramukan iskar da ke ƙasan kujerun tsakiya, waɗanda ta nan batirin ke shan iska ya huce, ya riƙa zaro ƙaiƙayi da ƙwayar riɗi da gashin rago. Ya ce batirin nan ba abin da ya tsana kamar zafi da ƙura, in ya mutu kuma kuɗin wani zai sa in manta da tsadar fetur. Ya duba tayoyi ya ce duk iskarsu ta yi ƙasa, wannan ma mai yake ci. Da ya ji dokata ta hana esi, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce iskar cikin motar ita batirin ke shaƙa, in na gasa iyalina shi ma na gasa shi. Uwargida na tsaye a wajen. Har yau ba ta bar maganar ba.

Motar dai tana tsimi, a hannuna, a cikin gari, da ƙafa mai sauƙi. Littafina ya nuna abin da na tara a wata uku, bikin nan ya cinye shi har da bashi.

Saboda haka, jama'ar Kiyako da kewaye, ina nan tafe da Sallah, ku kuma isar wa wanda bai ji ba: tana shan mai, tankinta lita 65 yake ci. Mai son a kai shi unguwa ya taho da jarkarsa a cike, rago kuma ya bi a-kori-kura.