Hankakan Haida a cikin Akwati

A shekarar 1997 ma'aikatar buga kuɗi ta Kanada ta fitar da sulen zinariya mai darajar dala 200, ɗauke da zanen Robert Davidson, gwanin sassaƙa na ƙabilar Haida, wato 'yan asalin tsibiran gaɓar yammacin ƙasar. Zanen na Hankaka ne, wanda tatsuniyarsu ta ce ya sato haske daga wani tsoho da ya ɓoye shi a akwati cikin akwati, ya sakar wa duniya. Masu tara irin waɗannan sulalla, waɗanda ba kashewa suke yi ba, sukan rufe sulen cikin roba don gudun shatin yatsa, su sa robar a akwati, su kulle akwatin a banki, wanda hakan ke nuna cewa tsohon ya bar magada. A ɗaya gefen sulen kuwa hoton Sarauniya Elizabeth ta Biyu ne, alhali dokar Kanada ta haramta fotlac, bikin da ƙabilu irin su Haida ke rabar da dukiya kyauta a cikinsa, har zuwa 1951, kafin gwamnati ta gano cewa al'adun nasu suna da kasuwa.